Ƙara libar gwiwa a tsohuwar Fender 400 mai kebul: ta ina ake farawa?

Ɗan Feda ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san cikin tsofaffin jitocin fedal stil masu kebul, wato jitar da ake kaɗawa a kwance, ana sauya sautin tsirkiyoyinta da fedojin ƙafa da libobin da gwiwa ke turawa.

Jitar Fender 400 ce, tsirkiya takwas, feda huɗu, irin ta baya-bayan nan mai tsawon tsirkiya inci 23. Saitin sautin tsirkiyoyinta shi ne wanda ake kira E9, daga ta 1 a sama zuwa ta 8 a ƙasa: G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda ta 1 tana ɗaga B biyun zuwa C#, ta 2 tana ɗaga G# biyun zuwa A, ta 3 tana ɗaga E ta sama zuwa F# tare da B ta sama zuwa C#, ta 4 kuma tana sauke E biyun zuwa D#.

Damuwar ita ce ba a iya haɗa feda ta 2 da ta 4 da ƙafa ɗaya, tunda ta 3 na tsakaninsu. Sai an ɗauke ƙafar dama daga fedar ƙara sauti, kuma da an yi haka kiɗan ya tsinke. Don haka ina so in mayar da saukar E kan gwiwa, in kuma ƙara wata libar da za ta ɗaga E biyun zuwa F.

Abin da nake son sani: da kebul ya fi dacewa a yi ko da sandar ƙarfe irin ta jitocin zamani? A ina za a kafa libobin ba tare da an huda firam ɗin ba? Sannan tsirkiya ta 2, wato E ta sama, wadda feda ta 3 ke kaiwa F#, yaya za ta tsaya a F alhali sukurun ɗagawa ɗaya ne kacal gare ta a gefen jitar? Na gode.

Maƙerin Jita ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Aikin yana yiwuwa sarai, kuma ba sabon abu ba ne. Makaɗin nan Ba'amurke Sneaky Pete Kleinow a Fender 400 ya yi kiɗansa, tasa kuma an ƙara mata fedoji da libobin gwiwa. Kamfanin Fender ya fito da samfurin 1000 a 1957, samfurin 400 a 1958, lokacin libar gwiwa ba ta zama ruwan dare ba tukuna, shi ya sa ba a bar mata gurbi a ƙarƙashin jitar ba. Amma fili akwai.

Kafin ka sayi ko da sukuru ɗaya, kifa jitar ka kalli yadda feda ɗaya ke aiki. Sandar feda tana jan ƙaramar liba a jikin firam, libar ta ja babban kebul ta cikin maɗaurin nan mai zaren hagu da dama, kebul ɗin ya bi ta babban fuli, wato ƴar tayar da kebul ke bi ta kanta, ya ƙare a wani ƙaramin fuli da ke lilo. Wani gajeren kebul ne ya ratsa ƙaramin fulin, kowane bakinsa da zobe, kowane zobe a rataye a ƙugiyar yatsan canja, wato na'urar da tsirkiyoyi ke ɗaure a kanta, kowace da yatsan ƙarfe mai ɗaga sautinta ko sauke shi. Wannan ƙaramin fulin shi ne sirrin jitar. Yana raba ƙarfi daidai tsakanin yatsu biyu. Wanda ya fi taushi ya fara tafiya, ya je ya daki sukurunsa ya tsaya, sauran jan ya koma kan ɗayan. Wato a Fender feda ba ta da wurin tsayawa nata na kanta, sukuran da ke gefen jitar su ne birkinta. Ka riƙe wannan, domin nan ne yawancin masu ƙara liba ke yin ɓarna.

Fara da awo. Sa ƙaramin ma'auni kusa da ƙugiyar saukar tsirkiya ta 2, taka feda ta 4, ka ga milimita nawa ta tafi. Yi haka a ta 6, wato E ta ƙasa. Za ka tarar ta 2 ta fi tafiya, don siririyar tsirkiya marar naɗi tana miƙewa fiye da mai naɗi kafin ta sauya rabin mataki. A ce ka sami milimita 4 da milimita 3. Babban kebul zai tafi tsaka-tsakinsu ne, wato 3.5, saboda fulin. Ƙara milimita 1 na sako-sako, ka sami 4.5. Wannan misali ne kawai, naka awon shi ne abin bi.

Yanzu libar. A yanka ta daga falle na alminiyam mai kaurin milimita 6 da faɗin 20, tsawonta santimita 17 zuwa 18. Gwiwa za ta taɓa ta wajen santimita 14 ƙasa da aksul, wato ƙarfen da libar ke juyawa a kansa. Tafiyar da ke yi wa gwiwa daɗi ba ta wuce santimita 3 zuwa 3.5 ba. Ƙasa da haka libar ta yi tauri, sama da haka sai ka ga ƙafa na zamewa daga feda kafin a kai ƙarshe. Lissafin a milimita: 140 (nisan gwiwa daga aksul) sau 4.5 (tafiyar kebul) a raba da 32 (tafiyar gwiwa), ya ba ka kusan 20. To a milimita 20 daga aksul za ka maƙala kebul. Kada ka yi huji ɗaya. Yi huɗu, a 15, 20, 25 da 30, don ka sami damar gwadawa. Kusa da aksul taushi da doguwar tafiya, nesa da shi tauri da gajeriyar tafiya.

Aksul ɗin kuwa, ƙusa mai zare ta milimita 6 wadda wuyanta sumul yake, a cikin bush, wato ɗan bututun da take juyawa a ciki, na tagulla, da washar roba mai tauri a kowane gefe da noti mai riƙe kansa. Kada libar ta juya a kan zare, cikin wata kaɗan zai cinye alminiyam ɗin hujin ya faɗaɗa.

Sai batun inda libar ke dosa. Canja tana hannun daman mai kiɗa, yatsunta kuma hagu ake jansu. Libar da gwiwa ke turawa hagu ba ta da wata wahala, ka maƙala kebul ƙasa da aksul, ta ja kai tsaye. Wadda ake turawa dama ce ke buƙatar a juya mata jan. Hanya biyu ce. Ko dai a sa fuli a hagunta, kebul ya tashi daga libar ya nufi hagu, ya zagaya fulin ya dawo dama zuwa canja. Ko kuma a sauko da aksul ƙasa kaɗan, a bar wa libar kai na santimita 3 sama da shi, a maƙala kebul a can, tunda in ƙasa ta yi dama sama hagu za ta yi. Ta biyun ta fi sauƙi, kuma ba ta ƙara gogayya. In ka zaɓi fuli, ka tuna nauyin da ke kansa ninki biyu ne na wanda ke kan kebul, saboda kebul ɗin yana jansa ta baki biyu. Sukuru ɗaya a katako ba zai riƙe shi ba.

Da tsarin fedojinka, ɗaga E zuwa F ya tafi kan gwiwar hagu zuwa hagu, saukar E kuma gwiwar hagu zuwa dama. Dalilin a ƙafa yake. F da feda ta 1 ake haɗa ta a sami kod, wato haɗin sautuka, na C# manjo, kuma in ƙafa ta karkata kan feda ta 1 gwiwa da kanta hagu take yi. Saukar E da feda ta 2 ake haɗa ta a sami kod ɗin B7, gwiwa kuma dama take yi a lokacin. Kada ka auna wurin libobin da ma'auni kawai. Zauna a kujerar da kake kiɗa a kai, ɗora ƙafa tsakanin feda ta 1 da ta 2, wani ya yi maka alama a gefen gwiwar biyu. Bar tazarar yatsa ɗaya kowane gefe. Ga yawancin mutane tsakanin libobin biyu yakan faɗa santimita 10 zuwa 12.

Ga abin da na ce ka riƙe. Libar da muka lissafa tana ninka ƙarfi sau bakwai. Gwiwa ta yi turin kilo 6, abin da ba za ka ma ji ka yi ba, kebul ya ɗauki kilo 42. A tsakiyar kiɗa kuwa turin ya fi haka. In ba ka sa wa libar matokari nata ba, duk wannan nauyin kan ƙugiyar yatsa da bakin sukurun canja da dalmar zobe zai sauka. Ƙugiya ta buɗe, sukuru ya fara cin yatsa, sauti ya dinga sauyawa kullum ba ka san dalili ba. Don haka kowace liba ta sami matokari biyu: na baya, inda take hutawa, da na gaba mai sukuru da notin kullewa. Na gaban a saita shi ya kama jim kaɗan bayan yatsu sun daki sukuransu, kamar rabin milimita na tafiyar kebul.

Tambayarka ta uku: 400 da 1000 ɗagawa ɗaya da saukewa ɗaya kowace tsirkiya ke da su. Sai a samfurin Fender 800 da 2000, da suka fito a 1964, aka yi biyu-biyu. Dabarar da aka saba ita ce a bar sukurun canja na tsirkiya ta 2 a kan F# don feda ta 3, a saita na tsirkiya ta 6 a kan F, sannan matokarin libar ya zama shi ne mai saita F na tsirkiya ta 2. Ta 6 ta tsaya a sukurunta, ta 2 ta ci gaba har libar ta daki matokari. Sai dai da zarar ɓangare ɗaya ya tsaya, kowace milimita ta babban kebul tana zama biyu a ɗayan ɓangaren, saboda haka sa sukuru mai ƙananan zare, irin M5 mai milimita 0.8 a kowane juyi, ka kuma kafa shi nesa da aksul gwargwadon hali don saitin ya yi laushi.

Sarkin Sanda ya amsa:

Maigida Maƙeri, duk abin da ka faɗa kan awo da matokari na yarda da shi. A sakin layin ƙarshe ne nake da ja.

Dabarar nan tana aiki ne kawai in yatsan tsirkiya ta 6 ya riga ya zauna daram a kan sukurunsa kafin libar ta tsaya. Fuli ƙarfi yake daidaitawa, ba ruwansa da nisa. Tsirkiya ta 2 mai kaurin inci .014 a kan E tana ɗauke da kusan kilo 11 zuwa 12 a inci 23, ta 6 mai kaurin .030 mai naɗi ma ba ta yi nisa da haka ba. Tunda sun kusa zuwa ɗaya, ba a da tabbacin wadda za ta riga. In ƙarfin da ke riƙe ta 2 a kan F bai kai wanda zai danne ta 6 a sukurunta ba, su biyun za su rataya a tsakiya, yau ta sama ta haura ta ƙasa ta gaza, gobe akasin haka. Ka canja kaurin tsirkiya ɗaya, lissafin ya rushe. Ga kuma kebul da ke ɗan miƙewa, ga katako da ke motsi da zafi da danshi. Duk sautin da ya dogara da tsawon kebul ba zai zauna kamar wanda ya dogara da ƙarfe kan ƙarfe ba.

Saukar E, a yi ta da kebul, ba gardama, tunda duk yatsun biyu a sukuransu za su tsaya. Hasali ma kayan feda ta 4 suna nan, a cire kebul ɗinta dungurungum da fulinsa da maɗaurinsa a kai shi kan libar. Amma libar F a raba mata ja, kowace tsirkiya da sandarta.

Ga yadda ake yi. Sandar giciye mai kaurin milimita 8, a kan maƙalai biyu masu bush, ta ratsa ƙarƙashin jitar daga gaba zuwa baya. A goge mata gefe ɗaya da magagari ya yi shafal, don sukurun hannuwan ya sami wurin zama, in ba haka ba hannun zai zame ranar da aka tura da ƙarfi. Libar a bakin sandar na wajen mai kiɗa, hannuwa biyu gajeru a daidai layin tsirkiya ta 2 da ta 6, kowanne da huji uku ko huɗu. Ta 2 a hujin da ya fi nisa da sandar, ta 6 a na kusa, don su fara tare su ƙare tare.

Sandar jan kuwa, wayar ƙafar keke mai kaurin milimita 2 tare da ɗan notinta na tagulla, wato kan wayar, ta wadatar. Zarenta 56 ne a inci, wato juyi ɗaya bai kai rabin milimita ba, ga laushin saiti a ɓagas. Bakin mai zaren ya ratsa wani ɗan dunƙulen tagulla da ke juyawa a hujin hannun, kan wayar ya zauna a bayansa. In hannu ya tafi hagu ya tura kan, kan ya ja wayar. In feda ta 3 ce ta ja yatsan, wayar ta zame ta cikin dunƙulen ba ta tura libar ba. Wannan zamewar dole ce. Wanda ya ɗaure sanda ƙam a hannu zai ga feda ta 3 ta yi tauri, libar kuma tana motsi da kanta. Wayar keke ba ta cika wuce santimita 30 ba, libar gwiwar hagu kuwa ta fi haka nisa da canja, saboda haka a haɗa ta da sandar walda marar tsatsa mai inci 3/32 ta hanyar ɗan bututu mai sukuru biyu. A bakin canja a lanƙwasa sandar ta zama zobe, ko a sa mata guntun kebul na santimita 5 in layin bai miƙe ba.

A nan matokarin libar shi kaɗai ne birki, ba a taɓa shi bayan an kafa. Kowace F da kan wayarta ake saita ta. Aibin kawai shi ne sai an sa hannu ƙarƙashin jita. Ɗigo ɗaya na maganin kulle zare mai rauni yana hana kan kwancewa.

A taƙaice dai, F ɗin nan da ake jingina wa makaɗin fedal stil Lloyd Green sauti ne da kunne ba ya yi wa afuwa, don da feda ta 1 ita ce ta uku a kod ɗin. Kuma akan saita ta ƙasa da abin da na'urar saiti ke nunawa, da kunne, ana taka feda ta 1. Abin da ake wa irin wannan saiti bai kamata ya rataya a fuli ba.

Ɗan Feda ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, malamai. To zan bi tsakiya: saukar E da kebul ɗin feda ta 4, F kuma da sanda. Saura biyu. Kebul ɗin feda ta 4 ba zai kai inda libar za ta zauna ba, sai an yi sabo. Wane iri zan nema, kuma da dalma zan haɗa bakin kamar na asali? Sannan maganar kafawa ba huda firam har yanzu ba a taɓa ta ba.

Hajiya Mai Kebul ta amsa:

Malam Ɗan Feda, kebul iri biyu za ka tarar, 7x7 da 7x19. Lambar tana nufin damin waya bakwai, kowane dami da sili bakwai ko goma sha tara. Na 7x19 ya fi laushi, shi ne na bin fuli. Mai kaurin inci 1/16, wato milimita 1.6, sai ya haura kilo 200 kafin ya tsinke, don haka ƙarfi ba shi ne abin dubawa ba, lanƙwasa ce. Ƙa'idar da masu kebul ke bi ita ce faɗin fuli ya kai kamar ninki 24 na kaurin 7x19, ninki 40 da ɗoriya na 7x7. Ka ga 1.6 na son fulin milimita 38, mai 1.2 kuma 29 ta ishe shi. In fuli ya yi ƙanƙanta silin waje ne ke fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, ka ji liba na ƙaiƙayi kafin ka ga komai da ido. Wayar birkin keke tana yi in layin a miƙe yake, amma ba ta son ƙaramin fuli.

Tunda za ka juya jan ta kan libar kamar yadda Maƙeri ya ce, babban kebul ɗinka ba ya bukatar bin babban fulin Fender ma. Ya tashi daga kan libar ya miƙe zuwa ƙaramin fulin. Abin lura shi ne ya iso canja a layin yatsun, tsakanin ta 2 da ta 6. In ya zo a karkace yana jan yatsa gefe, yatsan ya goga maƙwabcinsa, ka sauke E ka ji G# ta motsa. Kuma kada ya goga sauran wayoyin. In dole ya gitta su, ya bi ta ƙasansu da tazarar milimita 3 aƙalla.

Dalma: na asalin da ita aka haɗa su, kuma nan ne suka fi sakin jiki in sun tsufa. Kebul mai rufin tutiya yana kama dalma, marar tsatsa kuwa ba ya kamawa sai da ruwan asid na musamman, wanda in ba a wanke shi ba yana ci gaba da cin wayar daga ciki. Wata illar kuma, dalma tana bin sili ta haura, ta mayar da santimita guda na kebul sandararre, a iyakar sandarewar yake karyewa. Ni dai shawarata, ɗan bututun matsewa na jan ƙarfe daidai kaurin kebul ɗin, a matse shi da ainihin abin matse shi. Filaya tana baje bututun ne, ba ta cusa shi cikin silin, sai ya riƙe mako biyu ya zame. A bar jelar milimita 2 ta leƙo, in ta ɓace ka san ya fara zamewa. Kafin yanka kebul a naɗe wurin da salatif, in ba haka ba bakin ya tarwatse. Sabon kebul kuma yana miƙewa a kwanakin farko yayin da silin ke zama, saboda haka a rataya masa nauyin kilo 20 ya kwana kafin a yanke tsawon ƙarshe, a kuma bar wa maɗaurin rabin zarensa don gaba.

Kafawa. Firam ɗin zubi ne, in aka huda shi ba gyara, kuma masu neman tsofaffin jitoci huji a firam suke fara dubawa. Jikin jitar katako ne, can za a kama. Amma kada kowane maƙali ya sami nasa sukuran a katakon. Yanka farantin alminiyam mai kaurin milimita 6, ya ɗauki libobin biyu da matokaransu da sandar giciye, a yi zare a jikinsa a ɗaure komai a kai. Farantin kaɗai ne zai shiga katako, da sukuru shida masu milimita 4, a warwatse. Ranar da aka so mayar da jitar yadda take, huji shida ne ƙanana a inda ido ba ya gani. Auna kaurin katakon a wurin da kanka, kada ka ɗauka ɗaya ne ko'ina. Sukuru ya tsaya milimita 5 kafin fuskar sama. Yi hujin share fage na milimita 2.5, da salatif a bakin abin hujin don alamar zurfi, ka goga wa sukurun kyandir. Tsohon katako busasshe yana tsagewa in aka tura masa sukuru ba huji.

Kafin huji na farko, riƙe farantin da abin matsewa na kafinta ka yi kiɗa da shi kwana biyu. Kusan kowa yakan matsar da shi santimita ɗaya ko biyu. Kuma libobin su zama masu naɗewa: ƙasan libar ya haɗu da samanta da ƙusa ɗaya da ɗan tudu da zai tokare ta ɓangaren turi kawai. In ba su naɗewa murfin akwati ba zai rufu ba.

Maƙerin Jita ya ƙara da cewa:

Sarki, na karɓi gyaran. Ga wanda ya nace sai kebul a libar F, ƙaramin sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai miƙewa ta dawo, a reshen tsirkiya ta 2 da zai ƙara mata tauri yana sa ta 6 ta riga zama, amma sanda ta fi kwanciyar hankali.

Malam Ɗan Feda, saura jerin saiti, don in aka juya shi sai a yi ta zagaye wuri ɗaya. Sassauta maɗaurin da kawunan wayoyin har komai ya yi sako-sako. Saita tsirkiyoyi a sake daga makullan kai. Tura libar saukewa, saita D# biyun da sukuran canja. Sannan ɗaure maɗaurin a hankali har sako-sakon ya rage saura kamar milimita 1, ka daki tsirkiyar kana ɗaurewa, in sautinta ya motsa ko kaɗan ka wuce, koma baya juyi ɗaya. Daga nan matokarin gaba. F ita ce ta ƙarshe.

In E ta dawo ƙasa da inda take bayan an saki libar saukewa, ko kebul ya ɗame, ko sifirin da ke mayar da yatsan ya gaji, ko libar ce nauyinta ke rataye a kebul. Tura yatsan da sukundireba zuwa mazauninsa. In sautin ya gyaru, ɗaya daga ukun nan ne, kuma siririn sifirin da zai mayar da libar kan matokarin baya yana maganin na ƙarshen. In kuwa sama ta dawo, ba laifin libar ba ne, tsirkiyar ce ke maƙalewa a gadar kai, wato inda take hawa kafin ta isa makulli, guntun da ke bayan gadar bai mayar da abin da ya karɓa ba. Ɗigon man keken ɗinki a kan rola ko inda tsirkiyar ke kwanciya, a kuma naɗa ta a makulli yadda za ta miƙe ba karkata. Kaɗan daga wannan ba ya ɓacewa a kowace jita.

In ka tura libar F ka ji tsirkiyar ta ɗaga sannan ta ɗan faɗo, ɓangaren saukewa ne ke biyo ta don sifirinsa ya yi rauni. A gajarta shi da zagaye ɗaya, kada a wuce haka a karo guda, don duk abin da ka ƙara masa gwiwarka ce za ta biya a libar saukewa.

Ƙugiyar ɗaga tsirkiya ta 2 yanzu za ta ɗauki zobe biyu, na feda ta 3 da na libar F. In ɗaya ya ja, ɗayan yakan saki har ya fita ko ya hau kan ɗan'uwansa, sai ka ga E ta ƙi komawa. Sa zoben fedar a ciki, na libar a waje, ka tura guntun bututun roba a bakin ƙugiyar ya rufe su.

Ga masu irin ta farko mai inci 24.5 da za su bi wannan bayani: komai ɗaya ne, sai dai ɗamewar tsirkiya ta fi ta inci 23 da kusan kashi 13 cikin ɗari a sauti ɗaya. Libobin za su fi tauri, G# ta sama mai .011 kuma tana yawan tsinkewa in an kai ta A. Shi ya sa da yawa ke sauke saitin gaba ɗaya da mataki guda zuwa D9. In za a yi haka, a sauke tukuna sannan a auna tafiyar yatsu, don awon E9 ba zai yi daidai da hujin libar ba.